Tsohon Dam Na Wutar Lantarki: Yaushe Jiƙar Gindinsa Ke Zama Abin Tsoro?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwar gwari ne a Farin Gada, nan Jos. Ƙanena yana noman rani, dankalin Turawa da kabeji, a wata fadama da ke ƙasan wani tsohon dam na wutar lantarki, irin waɗanda aka gina tun zamanin Turawan kuza. Shi da iyalinsa can suke zaune. Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a Maiduguri hankalina bai kwanta ba. Da na kai masa ziyara na ga wani wuri a gindin bangon dam ɗin kullum a jiƙe, ciyawa kore shar ko da rani, har ruwa na ɗan gudu. Mutanen wurin sun ce tun kakanninsu haka yake. Shin dam yana da wa'adin da in ya cika sai ya fashe? Wannan jiƙar alama ce? In ce masa ya tashi ne, ko in bar shi?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya bar zumunci.

Dam ba shi da ranar da aka rubuta masa cewa in ta zo zai fashe. Dam ɗin Sennar da ke kan kogin Nilu a Sudan an gama shi a 1925, kuma har yanzu yana shayar da gonakin Jazira. A wannan ƙasar ta Sudan, dam ɗin Arba'at da ke kusa da Port Sudan, wanda aka gina a 2003, ya ɓalle a watan Agustan 2024. Tsohon dam ɗin Aswan na Masar tun 1902 yake tsaye. Namu na Bagauda a Kano kuwa bai kai shekara 20 ba lokacin da ya fashe a daminar 1988. A Amurka ma an yi wani mai suna Teton, tsayinsa ya haura mita 90, ya rushe a 1976 ana cikin cika shi da ruwa karon farko, mutum 11 suka mutu. A wurinmu masu wannan aiki, lokacin da ya fi tayar da hankali a rayuwar dam shi ne cikar farko da 'yan shekarun da ke biye da ita, domin a nan ne duk wani ha'inci ko kuskuren gini ke bayyana. Wanda ya ga damina 90 ya riga ya tsallake wannan siraɗin.

Amma kada wannan ya sa ka saki jiki, domin tsufa na da nasa matsalolin, kuma ba waɗanda mutane ke zato ba ne.

Ka fara da sanin irin dam ɗin da ke ƙasar nan tamu ta Filato. Haƙar kuza ce ta kawo su. Kamfanonin ma'adinai na buƙatar wuta don injunansu, sai aka kafa kamfanin NESCO a 1929, ya fara da tashar Kurra, daga baya aka ƙara wasu kamar na Jekko. Wato na Kurra ya girmi Kainji, wanda aka gama a 1968, da kusan shekara 40, balle Jebba da Shiroro da suka zo daga baya. Dabarar ma daban ce. Wutar da ake samu daga ruwa ta dogara ga abu biyu: yawan ruwan da ke wucewa da kuma tsawon gangaren da yake faɗowa. Kainji yawan ruwan Neja yake ci da shi. Mu a nan kogunanmu ƙanana ne, amma Allah ya ba mu tudu, don Jos kanta tana kan kimanin mita 1,200 sama da teku. Tan guda na ruwa a kowace daƙiƙa, in ya faɗo mita 100, yana ba da wuta kusan kilowat 800. Saboda haka sai a tare ruwa a sama, a ja shi ta magudana, a zuba shi cikin ƙaton bututun ƙarfe ya gangara ya juya inji a ƙasa. Tafkunan ba su kai na Kainji ko kusa ba, sai dai wanda ke zaune a gindinsu ba ruwansa da wannan lissafi. Matsin da ruwa ke yi wa bango zurfinsa ne ke kawo shi, ba faɗin tafki ba. A zurfin mita 10, kowane murabba'in mita na bango yana ɗauke da nauyin tan 10.

Yanzu jiƙar da ka gani, wadda ita ce zuciyar tambayarka.

Babu dam ɗin ƙasa, wato wanda aka gina bangonsa da tarin ƙasa, a duniya da ba ya tsattsafo. Ka ɗauki randar ƙasa: ka cika ta da ruwa, jikinta zai yi gumi, gindinta ya jiƙe, kuma babu wanda zai ce ta fashe. Haka bangon dam yake. Ruwa na ratsa shi a hankali, ya bi ta ƙarƙashinsa, ya fito ta gindi. Mai ginin ya san da haka, shi ya sa a dam ɗin da aka tsara da kyau ake shimfiɗa yashi da tsakuwa a ciki, ruwa ya bi ta nan ya fita amma ƙasa ta tsaya. Don haka maganar mutanen wurin cewa tun kakanninsu haka yake tana iya zama gaskiya, har ma ta zama labari mai daɗi, in dai yadda yake jiya haka yake yau. Abin da muke tsoro shi ne ruwan ya fara ɗibar ƙasar bangon yana fita da ita. Yakan fara da 'yar ƙofa a gindi wadda ba ta wuce yatsa ba. Kowace rana ruwa na kwashe 'yan ƙwayoyin laka, ramin na cin baya, yana tafiya cikin bango zuwa wajen tafki. Daga waje ba ka ganin komai, ciyawa na nan kore. Ranar da ramin ya huda zuwa tafki, abin da ya ɗauki shekaru yana rarrafe sai ya ƙare cikin 'yan sa'o'i. Haka ta faru a Teton: da safe aka ga ruwa mai laka yana fita, kafin azahar bango ya tafi.

Ga abin da ƙanenka zai iya yi da hannunsa, ba sai da na'ura ba. Ya sami farar kwalba mai tsabta, ya je daidai inda ruwan ke fitowa, ba can ƙasa inda shanu suka tattake ba, ya ɗiba a hankali kada ya dama ƙasan. Ya ajiye ta a inuwa ta kwana. Da safe ya ɗaga ta ya duba gindinta a hasken rana. In ruwan garau yake, babu abin da ya kwanta, to wannan gumin randa ne. In ya ga laka ko lallausan yashi ya kwanta, ko da kaurin farce ne, kuma ba a yi ruwan sama ba a kwanakin, to ruwa ba ya tsami banza, jikin dam ɗin ne ke fita. Wani lokaci za a ga ruwan da ja-ja mai yauƙi kamar tsatsa a kan duwatsun wurin. Wannan yawanci sinadarin ƙarfe ne da ke cikin ƙasarmu, ba shi ne abin tsoron ba, amma a nuna wa ma'aikata su ma su gani.

Sai awon yawa. Ya tattara ruwan ya bi ta wuri guda, ya tara bokiti, ya duba agogon waya ya ga minti nawa yake ɗauka kafin ya cika. Ya rubuta, tare da kwanan wata da inda ruwan tafki ya tsaya a ranar. Ya kafa 'yan turaku a gefen wurin da ya jiƙe don ya gane ko yana faɗaɗa, ya ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowane mako. Tsattsafo ya ƙaru lokacin da tafki ya cika, ya ragu da rani, wannan daidai ne. Amma bokitin da ke cika a minti 5 ya koma cika a minti 2 alhali tafki bai ƙaru ba kuma sama ba ta zubar ba, wannan magana ce ta a kira masu dam a ranar, ba gobe ba. Haka in jiƙar ta fara hawa jikin bango maimakon ta tsaya a gindi.

Akwai alamomin da ba a tsayawa awo a kansu. Ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa yana tara zoben yashi a kewayensa. Ƙasa ta burma ta yi rami a saman bango ko a jikinsa. Ruwan tafki yana juyawa wuri guda kusa da bango yana haɗiye ganye da kara. Tsaga ta ratsa saman bango daga ɓangaren ruwa zuwa ɓangaren gona, wadda ta fi mai bin tsawon bango haɗari domin hanya ce ta buɗe wa ruwa. Ko wani sashe na bangon ya zame ya yi tozo a ƙasa. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a fara kwashe yara da tsofaffi zuwa tudu, sannan a yi waya.

Zan ja kunnen ƙanenka a kan abu guda, domin na san halin 'yan lambu, kuma ban ga laifinsu ba. Manomin rani in ya ga ruwa na fita kyauta a watan Maris, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya ɗan yashe wurin, ya zurfafa shi, ya jefa tiyon injin ban-ruwa. Kada ya kuskura. Ƙasar da ke gindin bango ita ce ke danne ruwan, kuma duk shebur ɗin da aka kwasa an gajarta wa ruwa hanya ne, an ƙara masa gudu. Rijiya, kududdufi, ɗibar yashi, haƙar kuza ta bayan fage, fasa dutse da nakiya, duk a nisanta su daga gindin dam. Akasin haka ma kuskure ne: kada wani mai son taimako ya toshe wurin da yumɓu ko siminti. In ka toshe, matsin ya taru a ciki ya nemi wata ƙofa. Mu abin da muke yi shi ne mu rufe wurin da yashi, sannan tsakuwa, sannan manyan duwatsu, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya.

To ina matsalar tsufa take? Ta farko ita ce ilimin da ake da shi lokacin gini. Gwajin da ake auna daddaɓewar ƙasa da shi, wanda kowane ɗan kwangilar hanya ya sani a yau, wani injiniya Ba'amurke mai suna Proctor ne ya fitar da shi a 1933. Ƙa'idojin shimfiɗa yashi da tsakuwa a cikin bango su ma ba su zama ruwan dare ba sai daga baya. Magina na wancan zamani sun yi aiki da ƙwarewa da ido, wasu sun yi aikin da har yau muke sara masa, amma ba kowane tsohon bango ke da wannan kariyar ta ciki ba. Shi ya sa sa ido kan tsattsafo ya fi muhimmanci a tsohon dam fiye da sabo.

Ta biyu, kuma a ganina ita ce babba, ita ce mafitar rarar ruwa. Kowane dam yana da hanyar da aka gina da kankare ko aka sassaƙa a dutse don in tafki ya tumbatsa ruwa ya bi ta nan. Bangon ƙasa yana iya riƙe ruwa shekara 100, amma ba ya jure ruwa ya haura ta kansa ko na 'yan sa'o'i, domin yana zubowa ta baya yana zaizaye shi har ya yanke. Wanda ya auna girman mafita a shekarun 1920 bayanan ruwan sama na 'yan shekaru kaɗan ne a hannunsa. Tun daga lokacin an sare dazuzzuka, an yi gine-gine, an nome gangare, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu gaba ɗaya yake rugowa rafi. Laka kuma ta cike wani sashe na tafkin. Akwai wani dam na wutar lantarki a jihar Michigan ta Amurka mai suna Edenville, sa'an waɗannan namu ne, ginin tsakiyar shekarun 1920. Hukuma ta yi shekaru tana gaya wa masu shi cewa mafitarsa ta yi kaɗan, har ta ƙwace lasisinsu a 2018. A watan Mayun 2020 aka yi ruwa mai yawa, tafki ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, bango ya zame. Abin lura a labarin shi ne an kwashe mutum kusan 10,000 kafin ruwan ya iso, kuma ba a rasa rai ba. Ka gwada da Darna ta Libiya a watan Satumban 2023, inda dam biyu da aka gina a shekarun 1970 suka ɓalle cikin dare, dubban mutane suka mutu a gidajensu.

In dam ɗin mai ƙofofin ƙarfe ne, to ƙofar da ba a taɓa ta tun bara ba ba a san ko za ta buɗu ba sai an gwada. Tsatsa na cin ta, roba na bushewa, wani kankaren ma kumbura yake yi da shekaru ya matse ƙofa, kamar yadda ya faru a dam ɗin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Ƙa'ida ita ce a ɗaga kowace ƙofa kafin damina, a tabbatar akwai janareta na ko-ta-kwana da kuma hanyar murɗawa da hannu, don daren da ake buƙatar ƙofa shi ne daren da iska ta kayar da turakun wuta.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne masu cin bango a ɓoye: gara da shurinta, ramin gafiya, shanu da ke bin hanya ɗaya har ta zama kwazazzabo, da bishiyoyi. Itacen turare da ya cika Filato yana da kyau a ido a kan dam, amma saiwarsa na neman ruwa, kuma ranar da aka sare shi aka bar kututture, saiwar ta ruɓe ta bar rami. Gajeriyar ciyawa kawai ake so a jikin bango, ita ma a riƙa yanke ta don ido ya ga ƙasa.

Dam na wutar lantarki yana da wata fa'ida a kan irin su Alau, wanda na ruwan sha da ban-ruwa ne: yana kawo kuɗi kullum, don haka akwai ma'aikata a wurin dare da rana, kuma mai shi yana da dalilin kula da shi. Dam ɗin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda aka daina amfani da shi, ba mai gadi, ba mai yanke ciyawa. Sai dai kuɗin nan yana da nasa jarabar. Ruwan da ke tafki shi ne wutar watan Maris da Afrilu, saboda haka kowane mai tasha yana son ya rufe damina da tafki cike maƙil. In marka ta zarce lissafi a ƙarshen Agusta ko Satumba, sai a wayi gari babu wurin da sabon ruwa zai zauna, dole a saki da yawa lokaci guda. Mutanen da ke ƙasan Kainji da Jebba da Shiroro sun san wannan, haka na gaɓar Binuwai duk lokacin da Kamaru ta buɗe dam ɗinta na Lagdo, kamar a 2012 da 2022. Sau da yawa in ka ji an ce dam ya fashe, ba fashewa ya yi ba, sakin ruwa aka yi don kada ya fashe.

Wannan ya kawo ni ga haɗarin da na fi jin tsoro ga 'ya'yan ƙanenka fiye da rushewar bango. Rafin da ke ƙasan tashar wuta ba sama ce kaɗai ke cika shi ba, maɓalli ma na cika shi. Ana iya tayar da inji, ko wuta ta katse a karkatar da ruwa, sai rafin da yara ke wanka a ciki iya gwiwa ya taso cikin 'yan mintoci, rana tsaka, babu ko gajimare. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 60 kuwa yana ɗaukar mota. A hana yara wasa a cikin kwarin rafin da magudanar da ke kai ruwa bututu, mata masu wanki su riƙa zama ta gefen da ke da saurin hawa.

Batun ya tashi ko kada ya tashi, ni ba jiƙar nan zan sa a ma'auni ba tukuna, sai inda ɗakin kwanansa yake. Gona a fadama ba laifi, kabeji in ruwa ya ci an yi asarar kuɗi ne. Amma wurin kwana ya kamata ya kasance a kan tudu, sama da duk inda tsofaffin wurin suka taɓa ganin ruwa ya kai, da ƙari mai yawa. Mu mutanen Jos mun ga abin da ya faru a Rikkos da unguwannin da ke kusa a watan Yulin 2012, lokacin da ruwa ya zo da dare ya ci mutum sama da 30. Rahotannin lokacin sun danganta abin da tumbatsar dam ɗin Lamingo bayan ruwa mai ƙarfi, amma abin da ya sa asarar ta yi yawa shi ne gidaje sun shiga hanyar ruwa. Dam da yawa an gina su ne a daji, gari ya zo ya same su.

Sannan kada ya tsaya shi kaɗai. Shi da sauran 'yan lambu su je wurin mai unguwa ko dagaci, a tafi tare wurin shugaban tashar, da kwalbar nan da takardar awon bokiti a hannu. Ma'aikacin kirki murna zai yi, don an ƙara masa idanu ne. Su tambaya cikin ladabi: kun san da wannan tsattsafon, kuma kuna auna shi? Yaushe injiniyan dam daga waje ya zo ya duba bangon, ba injunan wuta kaɗai ba? Yaushe aka gwada ƙofofi? In za ku saki ruwa da dare, ta yaya za mu sani, jiniya ce ko waya, kuma lambar wa za mu kira in mu muka fara ganin wani abu? A tashar da ake kula da ita za a nuna musu littafin da ake rubuta awo, da 'yan bututun da aka kafa a jikin bango don auna matsin ruwa, da wani faranti na ƙarfe mai yanka kamar harafin V da tsattsafo ke bi ta kansa ana karanta yawansa. In aka yi musu shiru ko aka kore su, sai su rubuta takarda ta hannun ƙaramar hukuma zuwa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, a aika kwafi ga sashen kula da madatsun ruwa na Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya a Abuja, su riƙe nasu kwafin mai hatimi.

Kafin watan Yuli ya kama, su zauna su fitar da hanyar gudu, kowa a gidan ya san ta har yara. Ba a bin rafi a gudu, ruwa ya fi kowa sauri a gangare. Gefe ake yankawa a hau tudu mafi kusa, kuma a taka hanyar sau ɗaya da dare da tocila don a san inda duwatsu da ramukan kuza suke. Su sa mutum guda da wayarsa ba ta mutuwa ya zama shi ma'aikatan tasha za su kira, shi kuma ya tashi sauran. Injin ban-ruwa da buhunan taki a kwashe su zuwa tudu tun farkon damina, don kada wani ya koma ɗaukarsu lokacin da ruwa ya taso.

In kwalbar ta nuna laka, ka sake rubuto mini da hotonta da na wurin, da awon bokitin, in gaya maka yadda za a rubuta takardar.